Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙananan hukumomi: a auna bishiya kafin a kafa fegi

Zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da daraktocin ayyuka da na tsare-tsare.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto muku wannan takarda ma'aikatan gandun daji ne, da masu tsara birane, da injiniyoyin hanya. Maganarmu a kan rigimar sare itatuwa ce, wadda kan tashi duk sa'ad da aikin raya gari ya ci karo da bishiyar da jama'a suka saba da inuwarta.

Ba mu ce kada a taɓa sare bishiya ba. Gari na buƙatar hanya mai faɗi, da magudanar ruwa, da kasuwa, da masana'antar da matasa za su sami abin yi, kuma akwai bishiyar da barinta a tsaye ganganci ne. Abin da ke damunmu shi ne lokacin da ake tunawa da ita. A yawancin ayyuka sai an gama zane, an ba da kwangila, an biya kuɗin kafin alƙalami, katafila ta iso wurin, sannan wani ya ɗaga kai ya ga ashe layin kwalbati ya bi ta gindin bishiyar da ta shekara tamanin. A nan zaɓi biyu ne ya rage, kuma babu mai daɗi: ko a sare jama'a su fusata, ko a sake zane ɗan kwangila ya kawo takardar ƙarin kuɗi. Da an auna ta kafin mai zane ya ja layinsa, sau da yawa gusar da layin da mita biyu ya wadatar. Tun ran gini ran zane.

Abin da ya faru a Sheffield ta Ingila ya isa darasi. A 2012 majalisar birnin ta sa hannu a kwangilar gyaran tituna ta shekara 25, kuma a cikin takardar akwai adadin itatuwa 17,500 da za a iya sauyawa, wato kusan rabin na bakin titunan birnin. An sare fiye da 5,000, da yawansu lafiyayyu, don kawai saiwarsu ta ɗaga dakalin gefen titi. A watan Nuwamba na 2016 aka je wani layi da asuba tare da 'yan sanda, aka tashi mutane daga barci su janye motocinsu, aka kama wasu, ciki har da dattawa. Tilas aka dakatar da sare itatuwan a 2018, kuma binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta, wanda ya fito a watan Maris na 2023, ya sami majalisar da laifin ɓoye wa jama'a gaskiya, har ta fito ta nemi afuwa. A cikin watan na Maris 2023 dai majalisar Plymouth, ita ma a Ingila, ta sare itatuwa 110 a tsakiyar gari cikin dare, kotu ta tsayar da ita kafin gari ya waye, shugaban majalisar ya ajiye muƙaminsa, aikin ƙawata wurin da ake ɗokin gamawa ya tsaya fiye da shekara. Garin gaggawa aka yi asarar lokacin da ake tsoron asararsa. A Nairobi kuwa, a 2020, an ƙyale wani tsohon ɓaure da ke kan hanyar babban titin da ake ginawa bayan jama'a sun yi ca, titin kuma bai fasa kammaluwa ba.

Matakin farko shi ne ku san abin da kuka mallaka. Kowace hukuma tana da rajistar motocinta da gine-ginenta, amma ƙalilan ne ke da ta itatuwa. A ba kowace bishiyar da ke filin hukuma lamba, a rubuta irinta, da inda take a taswira, da kaurin gindinta, da faɗin rassanta, da lafiyarta, a ɗauki hotonta. Mutum biyu da tef ɗin awo da waya za su iya fara wannan aiki gobe, su soma da manyan tituna da filayen da aka ware wa ayyuka. In babu rajista, duk wanda ya sare bishiya da dare zai ce ai dama busasshiya ce, kuma ba ku da abin ƙaryata shi.

Awon kansa ba shi da wuya. A zagaya gindin da tef a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a raba abin da aka samu da 3.14, wannan shi ne kaurin gindin daga gefe zuwa gefe. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5837, ta 2012, wadda masu gini a ƙasashe da dama ke aro, ta ce a ninka kaurin nan sau 12, a ja da'ira mai wannan nisa daga gindin, kada nisan ya wuce mita 15. Wannan da'irar ita ce hurumin saiwa. Bishiyar da kewayenta ya kai santimita 188 kaurinta 60 ne, huruminta mita 7.2 ta kowane ɓangare, wato fili mai murabba'in mita 163. Wanda ba ya son lissafi ya ninka kewayen gindin sau huɗu, zai faɗa kusa da amsar. A zana waɗannan da'irori a kan taswirar safiyo kafin a miƙa ta ga mai zanen gini ko na hanya, ya gan su kamar yadda yake ganin babban bututun ruwa ko turken wutar lantarki.

Dalilin faɗin hurumin nan shi ne mutane da yawa, har da injiniyoyi, suna zaton saiwar bishiya tana nitsewa ƙasa ne kamar yadda gindin ya miƙe sama. Galibin saiwoyin babbar bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, sun bazu a kwance, sukan wuce inda rassa suka tsaya. Ƙananan da ke shan ruwa suna buƙatar iska. Saboda haka ramin bututu mai zurfin gwiwa, idan aka haƙa shi dab da gindi, zai iya datse kusan rabin saiwoyin a wuni ɗaya. Tifa mai lodi ta bi ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa sau kaɗan, ƙasar ta danƙare, iska ta daina shiga. A zuba ƙasar cike a ɗaga wurin da taƙi guda, saiwa ta shaƙe. A wanke injin kwaɓa siminti a gindinta, ruwan ya ƙona ta, haka ma man dizal da ya tsiyaye. Abin takaicin shi ne bishiya ba ta mutuwa nan take. Sai bayan shekara uku zuwa biyar za a ga ganye ya ƙanƙance, rassan sama sun fara bushewa, lokacin ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi, hukuma ce za ta biya kuɗin sare gawar. Sau da yawa idan aka ce an bar bishiya a wurin aiki, an dai jinkirta mutuwarta ne.

Maganin wannan a cikin takardar kwangila yake. A rubuta cewa za a kafa shingen ƙarfe mai tsayin mita biyu a bakin hurumin saiwa kafin kowace na'ura ta shiga wurin, shingen da aka kafe a ƙasa, domin igiya ko kyalle direba zai ɗage ya wuce. A cikin shingen babu ajiye yashi, babu faka mota, babu hura wuta. In dole bututu ko waya ta ratsa hurumin, a haƙa da hannu, a bi ta ƙarƙashin saiwoyin, ko a huda ƙasa da na'ura a zurfin da ya wuce santimita 60. Duk saiwar da ta fi santimita biyu da rabi kauri kada a yanke ta sai da izinin malamin daji, kuma da zarto mai kaifi, domin wadda bakin katafila ya yage takan tsage har gindi ta ruɓe. Wadda aka tone a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta busar da ita. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin kwangilar har shekara biyar, a sake shi bayan an duba itatuwan. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi duk sauran tasiri, domin shi ne ke sa mai kamfani ya ja kunnen direbansa da kansa.

Sai batun da aka fi fakewa da shi, wato haɗari. Kalmar nan tana rufe bakin kowa, shi ya sa ya kamata ku nemi hujja a rubuce duk sa'ad da aka kawo muku ita. Mai dubawa na gaskiya tambaya uku yake amsawa: mene ne yiwuwar bishiyar ko reshenta ya karye, me zai faɗa wa idan ya karye, kuma wace irin ɓarna zai yi. Busasshen reshe a kan ƙofar makaranta da busasshen reshe a bayan fili inda ba kowa ba hukuncinsu ɗaya ba. Alamun da ke tayar da hankali sanannu ne: naman kaza mai tauri da ya fito a gindi, tsaga mai zurfi a jikin itacen, bishiyar da ta karkata kwanan nan har ƙasa ta kumbura a bayanta, manyan rassa biyu da suka tashi a matse ɓawo ya shige tsakaninsu. Kogo kaɗai bai isa hujja ba, domin bishiya mai kogo takan yi shekaru da dama a tsaye muddin lafiyayyen itacen da ya kewaye kogon yana da kauri. Ita ma wadda ta girma a karkace tun tana ƙarama ta riga ta ɗaure kanta a haka. Tsakanin bari da sarewa akwai matakai da yawa: cire busassun rassa, rage nauyin reshe ɗaya, janye benci ko rumfa daga ƙarƙashi. In za a rage rassa kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara. Gundule kan bishiya gaba ɗaya, wanda wasu ke ɗauka rigakafi ne, shi ke haifar da tohon da ba shi da ƙarfin riƙo, ya girma da sauri ya karye da iska.

Muna roƙonku da babbar murya ku raba mai dubawa da mai sarewa. Wanda za a biya bisa yawan itatuwan da ya kayar, ko wanda katakon zai zama nasa, ba zai taɓa ganin lafiyayyar bishiya ba. A rubuta inda kowane gungume ya tafi, in an sayar kuɗin ya shiga asusun dashe.

Idan saiwa ce ta ɗaga dakali ko ta tsaga kwalta, injiniya yana da dabaru kafin a kai ga zarto. Ana iya sa siririn dutsen gefen titi, ko a ɗan lanƙwasa layin dakalin ya kauce wa gindin, ko a ɗaga shimfiɗar a hankali ta haye saiwar, ko a yi amfani da shimfiɗa mai laushi wadda ruwa ke ratsawa. Ku riƙa tambayar wacce aka gwada daga cikinsu, da dalilin da ya sa ba ta yi ba.

Yanzu ga ɓangaren tattalin arziki, inda ake yawan nuna kamar zaɓi ne tsakanin aikin yi da inuwa. Takardar da ake kawo wa majalisa takan lissafa shaguna nawa za a gina, da harajin da zai shigo, da mutanen da za a ɗauka aiki, amma gurbin itatuwa babu komai sai kuɗin sarewa. Wannan lissafi gurgu ne. Bishiyar bakin titi tana tare ruwan sama a ganyenta ta rage wanda ke kwarara cikin magudana. Tana sanyaya gine-ginen da ke kusa, kuɗin sanyaya ɗaki ya ragu. Kwaltar da ke cikin inuwa ba ta saurin tsufa kamar wadda rana ke dukanta wuni guda. Mai saye kuma yakan daɗe a layin da ke da inuwa, wanda duk ɗan kasuwa ya san amfaninsa. Akwai hanyoyin ƙiyasta wannan da kuɗi, kamar manhajar i-Tree da hukumar gandun daji ta Amurka ta fitar a 2006, wadda kyauta ce. Ko ba ku yarda da adadin da ta bayar ɗari bisa ɗari ba, ya fi sifirin da ake rubutawa yanzu kusa da gaskiya.

Kuskure mafi ciwo a tsarin raya gari shi ne share fili tun kuɗin aiki bai zo hannu ba. Mai zuba jari ya zo da zane mai kyau, a sa hannu a takardar fahimtar juna, a kayar da itatuwa don a nuna an fara, sai bashin banki ya ƙi fitowa ko gwamnati ta sauya. Filin ya zauna fayau shekara da shekaru, babu masana'anta babu inuwa, ruwa na zaizaye shi. Gini ana iya dakatar da shi a ci gaba baɗi, amma bishiyar da aka kayar sai a jira wasu shekaru hamsin. Don haka izinin sarewa ya zama na ƙarshe da za a bayar, bayan an ga shaidar kuɗi, an amince da zane na ƙarshe, an sa ranar fara aiki. A ba izinin wa'adi, in aiki bai fara ba ya mutu. In aikin kashi-kashi ne, a sare na kashin da za a fara kaɗai. Kuma a tilasta wa mai zane ya kawo aƙalla zane biyu, ɗaya wanda ya ƙyale manyan itatuwan, tare da bambancin kuɗinsu, domin kansiloli su ga ainihin abin da suke zaɓa.

Game da sanar da jama'a, tun daga ƙarshen Nuwamba na 2023 doka ta wajabta wa hukumomin tituna a Ingila su tuntuɓi mazauna wuri kafin sare bishiyar bakin titi, ban da matacciya ko mai haɗari na gaggawa, a liƙa sanarwa a jikin bishiyar a kuma sa a intanet na kwana 28. Ko dokarku ba ta ce haka ba, babu abin da ya hana ku yi. Sanarwar ta faɗi lambar bishiyar, da dalili, da abin da aka gwada, da inda za a kai ƙorafi, cikin harshen da mutanen wurin ke ji. A saki rahoton mai dubawa kowa ya karanta. Wanda zai saurari ƙorafi kada ya zama shi ne ya ba da izinin tun farko. Kuma kada a sare da dare ko ranar hutu. Mutane sukan haƙura da hukuncin da bai yi musu daɗi ba idan sun ga hujja, amma ba sa yafe wanda aka yi musu a ɓoye, kuma fushin yakan bi duk wani aikin da za ku kawo daga baya.

Alƙawarin dasa wasu a madadin ya zama abin da ake kashe baki da shi, to a duba shi da kyau. Gindi mai kaurin santimita 60 ya ninka dashe mai kaurin santimita 6 sau ɗari a faɗin jiki, don haka ɗaya a madadin ɗaya ba ramuwa ba ce. Birnin Bristol na Ingila yana lissafi da kauri: biyu a madadin mai santimita 20 zuwa 30, shida a madadin mai 60 zuwa 70, takwas a madadin wadda ta kai 80. Amma yawa ba shi ne matsalar ba, rayuwa ce. Dashe yakan mutu saboda an binne shi da zurfi, ko an cusa shi a ɗan rami tsakiyar kankare, ko an manta da ban ruwa da zarar an gama ɗaukar hoto. Ramin ya ninka dunƙulen saiwa sau biyu zuwa uku a faɗi, zurfinsa daidai da dunƙulen, wuyan gindin ya tsaya daidai fuskar ƙasa. Bishiyar da ake so ta girma sosai tana buƙatar ƙasa mai laushi kimanin kubik mita 30, wato kamar rami mai tsawon mita shida, faɗin biyar, zurfin ɗaya. A ba ta ruwa kamar lita 50 a mako lokacin da babu ruwan sama, har shekara uku. A baza ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin santimita biyar zuwa goma a kewaye, kada ya taɓa gindin. A kwance igiyar turke bayan shekara guda ko biyu kafin ta shaƙe ta. A biya ɗan kwangila bisa waɗanda suka rayu a shekara ta uku. Kuma a gauraya iri: shawarar da masanin itatuwa Frank Santamour ya bayar a 1990 ita ce kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin ɗari na itatuwan gari. Garuruwan Amurka da suka cika titunansu da wani itace da ake kira ash sun ga dalili bayan 2002, da wani ƙwaro ya ɓulla a jihar Michigan ya kashe miliyoyinsu.

Ciro babbar bishiya a kai ta wani wuri yana yiwuwa, amma yana buƙatar dunƙulen ƙasa da ya ninka kaurin gindin sau goma, da datse saiwoyi watanni kafin ranar, da injin ɗaga kaya, da reno na shekaru. In ba a tanadi waɗannan ba kada a yi wa jama'a alƙawarinsa.

Akwai kuma rigimar maƙwabta, wadda ke cinye lokacin ofisoshinku fiye da ta manyan ayyuka. Wani ya ce saiwar bishiyar maƙwabcinsa ta tsaga masa bango. Kafin ku yanke hukunci a tona ƙaramin rami a ga irin ƙasar da zurfin harsashin ginin, a duba ko bututu na yoyo, a sa alama a kan tsagar a riƙa auna ta tsawon shekara. A ƙasar yumɓu, wadda ke tsukewa idan ta bushe, tsagar da bishiya ta jawo takan buɗe lokacin fari ta koma lokacin ruwa. Wadda ke ƙaruwa ba tsayawa galibi wani abu ne daban. A irin wannan ƙasa ma, sare bishiyar da ta girmi ginin kan sa yumɓun ya sha ruwa ya kumbura ya ɗaga harsashin, a koma neman maganin abin da ya fi na farko.

Buƙatarmu gare ku a zaman majalisa mai zuwa ita ce ku zartar da ƙuduri cewa daga yanzu babu zanen aikin da za a karɓa sai da taswirar itatuwa da hurumin saiwarsu a jikinsa, babu izinin sarewa sai da rahoton mai dubawa da sanarwar kwana 28 da shaidar kuɗin aiki, kuma a ware layi a kasafin kuɗin baɗi don rajista da ban ruwa. Ma'aikatan da za su yi wannan suna cikin ofisoshinku, a kira su tun ranar da aka fara maganar fili.

Mun gode da sauraro. Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wasu ma'aikatan gandun daji, masu tsara birane da injiniyoyin hanya.